Wane ne dattijon nan mai faɗa da alƙalami?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum. Daren jiya a fadarmu muna jiran shayi na biyu, wani ya kunna mana tsohon fim ɗin Sinawa a waya. Wani dattijo yana tsakiyar rubutu, abokin gaba ya shigo neman fitina. Dattijon ko alƙalamin bai ajiye ba, da shi ya riƙa kare duka yana ci gaba da rubutunsa. Sammo Hung na cikin fim ɗin. Da abin na kwana a raina. Wa ya san dattijon nan?

Tsohon Mai Gidan Bidiyo:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka tuna mini zamanin kaset. Kwan Tak-hing ke nan, fim ɗin kuma na 1979 ne, lokacin ya haura saba'in. A Guangzhou aka haife shi a 1905, garin nan da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. Ba da fim ya fara ba. Ɗan wasan dandali ne irin na mutanen kudancin Sin, wanda ake haɗa waƙa da ganga da tsalle, fuska shafe da fenti. Can ya koyi tsayuwar nan da ka gani, baya a miƙe, ido ba ya rawa.

Daga 1949 ya fara fitowa a matsayin Wong Fei-hung, wani mai magani kuma malamin faɗa da aka yi da gaske. Fim sama da 70 ya yi da sunan mutum guda! Abin da ya sa nake ƙaunarsa, malamin da yake fitowa a matsayinsa ba ya gaggawar duka. Sai ya yi haƙuri, ya yi nasiha, in ya kayar da mugu kuma ya yafe masa.

'Yar Wadata:
Baba, ba Jet Li ne Wong Fei-hung ba?

Tsohon Mai Gidan Bidiyo:
Shi ma ya yi, 'yata, a 1991, Jackie Chan kuma a 1978. Sawun dattijon suka taka. Har a talabijin ɗin Hong Kong ya fito da wannan suna a 1976. Mugun da ya fi yawan karawa da shi Shih Kien ne, wanda daga baya ya yi faɗa da Bruce Lee a ɗakin madubai. Kwan ya rasu a 1996, yana da shekara 91.

Ɗan Bukoki:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Yau zan sake kunna musu wurin, a hankali, mu duba tsayuwar.