Ƙananan kayan adon tangaran na da: yaya ake gane su, da me ake wanke su?

Maman Ilham, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da ƙananan kayan adon tangaran guda tara na bikin Kirsimeti da suka fito daga kwalin gwanjo: ƙararrawa, 'yan barewa, mazubin gishiri da wurin kafa kyandir. A gindin bakwai an rubuta "Japan", biyu kuma "Made in Occupied Japan". Ta yaya zan tabbatar na da ne? Kuma da me zan wanke su, don ƙurar hunturu ta shige musu ko'ina.

Alhaji Mai Tangaran, Daura:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Biyun nan su ne masu sauƙin ganewa. Tambarin "Occupied Japan" tsakanin 1947 da 1952 aka yi amfani da shi, lokacin da ƙasar ke hannun sojojin Amurka da ƙawayenta. "Japan" kaɗai ba ya nuna shekara, domin an buga shi kafin wannan lokaci da kuma bayansa. Sai ki nemi 'yar takarda mai ƙyalli da aka manna, ko lambar da aka buga kusa da ita. Kamfanonin Amurka irin su Lefton, Napco da Holt-Howard a Japan aka riƙa ƙera musu a wancan zamanin, kuma Holt-Howard ya sha rubuta shekarar ma. Don Allah kada ki ɓamɓare takardar, sau da yawa ita kaɗai ce shaidar kamfanin. Ki duba zoben gindin: wanda ya daɗe yana zama bisa kanta zai ɗan goge ya yi duhu.

Yaya Binta, Sabuwar Unguwa:
Batun wanki, 'yar uwa, kada ki jiƙa su. Jan fenti da ruwan zinarin da ke jikin yawancinsu bayan an gasa tangaran aka shafa, ba su shiga ƙarƙashin ƙyallin da ya rufe jikinsa ba, shi ya sa ruwan zafi da soso ke kwashe su nan take. Fara kaɗe ƙurar da burushin kwalliya mai laushi. Sannan ki ɗiga sabulun ruwa ɗigo biyu a kofin ruwa mai ɗumi kaɗan, ki tsoma audugar kunne, ki matse, ki gwada a bayan abin. In launi ya fito a audugar, ki tsaya a burushi. Shimfiɗa tawul a ƙasa kafin ki fara. Bilic kuwa ko kusa: yana bi ta tsage-tsagen ƙyallin, ya bushe a ciki, daga baya ƙyallin ya riƙa ɓarewa.

Malam Sani, Ƙofar Soro:
Ƙari kaɗan, Alhaji. Wasu na haska tocila a ciki, in haske bai ratsa ba su ce jabu ne. Ba haka ba ne. Da yawa daga na shekarun 1950 yumɓu ne mai shan ruwa, haske ba ya ratsa shi, kuma irinsa ne ya fi saurin tsagewar ƙyalli. Abin da ya fi rage daraja shi ne gyara. Hajiya, ki bi wuyan barewa da kunnuwa da farce, ki nemi layin gam da ya koma rawaya. Wajen ajiya, farar takarda mai laushi za ki naɗe kowanne daban, ban da jarida don tawada na kamawa, kuma kada su kwana a sito mai rufin kwano lokacin bazara, zafi na sassauta tsohon gam.