Shida ba shida ba ce: hannun giya mai ƙas-ƙas a kan tsohon firiwil

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohon keken tsere na ƙarfe, firiwil ɗinsa, wato jerin farantan haƙora na tayar baya, faranti shida ne, SunTour aka rubuta a jiki. Na gaji da hannun giya na lalube, wannan da sai ka ja kana kasa kunne har sarƙa ta daina kuka, sai na samo na Shimano mai ƙas-ƙas wato indeks, wanda kowace giya ke da wurin tsayawarta, shi ma na giya shida, na haɗa da dirailar Shimano, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, na ɗaura. To in na saita shi a ƙananan faranti sai manya su kama ƙara, in na saita manya ƙanana su ɗauka. Wanda ya taya ni ɗaurawa ya ce wai indeks ba ya taɓa aiki sai in kamfani ɗaya ne ya ƙera komai daga hannu har firiwil. Gaskiya ne ko dai bai iya ba ne?

Baba Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Yaro, gaskiya ya faɗa maka. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Mun ga zamanin da abin ya shigo, Shimano ta fito da indeks ɗinta mai suna SIS a kan kayanta na tsere Dura-Ace a 1984, daga baya SunTour ta kawo nata Accushift, Campagnolo ta kawo nata Syncro, kowa da nasa lissafin kuma ba wanda ya yi don ya dace da na wani. Ka mai da hannunka na lalube ka huta, shi ba ruwansa da sunan kamfani.

Ɗan Lissafi: Baba da girmanka amma ban yarda ba. Sarƙa ba ta iya karatu ba, ba ta san me aka rubuta a jikin firiwil ba. Abu uku ne kawai a maganar: tsawon wayar da hannu ke ja a ƙas ɗaya, yadda diraila ke ninka wannan jan, da tazarar da ke tsakanin faranti da faranti. Hannun Shimano na shida yana jan waya kamar milimita 3.2, diraila ta ninka sau 1.7, ka ga an samu wajen 5.5 ke nan, kuma ita ce tazarar firiwil ɗinsu na shida. Duk firiwil ɗin da ke da wannan tazara zai yi, ko wa ya ƙera shi.

Anti Mai Feda: To ai shi ne abin da Sabon Shiga ya yi, shida ya sa a kan shida. Me ya hana?

Ɗan Lissafi: Anti shida kala biyu ce. Akwai ta ainihi mai faɗi, akwai kuma wadda SunTour ta matse ta kira Ultra 6, ta yi ta ne don faranti shida su shiga gurbin da aka yi wa biyar, wato firam mai faɗin milimita 120 a baya. Tazararta 5.0 ce. Ina kyautata zaton ita ce a kekensa. Kowane ƙas hannu na tura diraila 5.5 alhali farantin gaba na 5.0, rabin milimita ya yi rara, ƙas biyar ya zama 2.5, rabin hanya ke nan tsakanin faranti biyu, sarƙar ta rasa na hawa ta rasa na sauka dole ta yi ta ihu.

Sabon Shiga: Kai! To ta ya zan gane wacce ce tawa?

Ɗan Lissafi: Cire tayar baya, ka aza ruwla ko kalifa daga tsakiyar haƙorin ƙaramin faranti zuwa saitin tsakiyar haƙorin babban, a tsaye ba a karkace ba. Gibi biyar ne. In ka ga wajen 27 da rabi mai faɗi ce, in ka ga 25 Ultra ce. Ka auna tsakanin ƙafafun firam ɗin ma tun da tayar na waje.

Baba Mai Sifana: Lissafin takarda daban, titi daban. Ko tazarar ta zo daidai, tsofaffin farantan nan haƙoransu a miƙe suke kamar na zarto, ba su da gangaren da ke ɗaukar sarƙa. Da hannun lalube kana ɗan zarce wurin kaɗan sarƙa ta hau sannan ka dawo, hannunka ya saba har ba ka san kana yi ba. Ƙas-ƙas ba ya yi maka wannan yadda kake so, inda ya tsaya nan ya tsaya. Me kuke tsammani ya sa Shimano ta murɗe haƙoran farantanta na Uniglide, daga baya ta yi wa na Hyperglide matakala a jiki? Don an san tazara kaɗai ba ta isa ba ne.

Kwance Ɗaura: A nan kam Baba ya yi gaskiya, amma rabi. Ni kekena da nake hawa kullum haɗin gambiza ne, hannu na giya takwas, firiwil na bakwai. Takwas ɗin Shimano 4.8 ce, bakwai 5.0, bambancin 0.2 a ƙas ɗaya, in ka saita a farantin tsakiya kuskuren da zai kai ƙarshe kowane gefe bai wuce 0.6 ba, kuma ƙaramar tayar sama ta dirailar Shimano da gangan aka bar ta tana ɗan wasa hagu da dama, ita ke shanye wannan. Ƙas ɗaya ya yi saura na toshe shi da sukurun iyaka na diraila. Shekara nawa ina hawa ko tari ba ya yi.

Anti Mai Feda: Ko tari ba ya yi, ko dai kunnenka ne ya saba 😂

Kwance Ɗaura: Anti wlh zo ki hau ki ji. Na yarda a kan tudu in na taka da ƙarfi yana ɗan jinkiri kafin ya hau babban faranti, amma wannan ko sabo fil yakan yi in ba ka sassauta ƙafa ba.

Baba Mai Sifana: Ka ji ko, an fara "na yarda". Bari in ƙara muku wani. Wani ya taɓa kawo min keke ya haɗa hannun Shimano na yau da kullum da tsohuwar dirailar Dura-Ace, duka kamfani ɗaya, ya kwana uku yana murɗa noti bai samu ba. Waccan Dura-Ace ta kafin giya tara ninkinta daban ne da sauran 'yan gidansu.

Ɗan Lissafi: Baba ai ka ba ni makami da hannunka! Kamfani ɗaya, bai yi ba. Na Kwance Ɗaura lamba daban-daban, ya yi. Ashe ba suna ba ne, awo ne. Waccan tsohuwar Dura-Ace tana ninkawa wajen 1.9 ne maimakon 1.7.

Baba Mai Sifana: Abin da nake nufi a sayi saiti guda yadda aka ƙera shi, ba a yi ta tsince-tsince ba. Kuma je ka gwada awonka a kan Accushift na bakwai mu gani, wanda tazarar farantansa ma ba ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa, hannunsa an yanka shi ne daidai da wannan rashin daidaiton.

Ɗan Lissafi: Wannan na sallama. Accushift a bar shi da 'yan'uwansa.

Anti Mai Feda: Ni duk kun yi nisa. Kafin a zargi firiwil a duba abubuwan banza tukuna, don sau biyu ina shan wannan wahalar. Na farko bawon waya, in na birki ne aka sa, mai ƙarfe nannaɗe kamar sifirin, yana matsewa in an ja, indeks kuwa yana son wanda wayoyinsa ke kwance a tsaye. Na biyu kunnen firam da diraila ke rataye a jiki, keken da ya shekara arba'in yana faɗuwa da wuya ka same shi a miƙe, in ya karkace ko da kaɗan ne babu lissafin da zai cece ka. Nawa da aka miƙe shi shiru kake ji kamar an yi ruwa an ɗauke.

Sabon Shiga: Na dawo. Na auna, 25 ne cif, firam kuma 120. Bawon wayar sabo ne na giya. Ɗan Lissafi ka ci. Yanzu sai in sayi firiwil na shida mai faɗi kawai?

Kwance Ɗaura: Tsaya tukuna oga. Mai faɗi na son 126, ba zai zauna a 120 ba sai an buɗa firam, an ƙara wosha a aksil ko a sa mai tsawo, an sake ɗaure tayar ta dawo tsakiya. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi, alminiyom ne ba a taɓawa. Ni da ni ne hannun zan canja, in sa na giya bakwai, shi ma 5.0 yake bayarwa daidai da Ultra ɗinka, ƙas ɗaya ya zauna banza, ka sa siririyar sarƙa ta bakwai ko takwas.

Baba Mai Sifana: In kuma ka nace sai ka canja firiwil, ka duba zaren cibiyar tayar kafin ka murɗa komai. In keken Faransa ne na da, zarensu daban ne da na Ingila, ba sa dacewa da juna, in ka tilasta ka kashe cibiyar. Sannan ka duba gefen hannun da ka riga ka saya, yawancinsu akwai ɗan zobe da ake murɗawa ya koma lalube. Kyauta ne wannan.

Kwance Ɗaura: Baba dai sai ya mai da mu 1975 😂

Baba Mai Sifana: Ina nan ina jira. Ya sa na bakwai ɗin a kan waɗancan miƙaƙƙun haƙora ya hau tudu da shi, sannan ya zo ya ba mu labari.

Sabon Shiga: Na ga zoben, na murɗa, yanzu dai ina hawa da lalube. Hannun bakwai kuma na sa a nemo min. Anti, shi kunnen firam ɗin da ido ake gane ya karkace ko sai da ƙarfen awo?