"To, amma asalinku daga ina?" 'Yan Zango, wa aka taɓa yi wa wannan tambayar?

Ɗan Lungu, Nima

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, na ce bari in kawo shi nan in ji ko mu kaɗai ne.

Na raka ƙanwata wani ofishi a nan Ankara, Ankarar Gana fa, ba ta Turkiyya ba, don wata takarda da take bukata kafin tafiyar Umara. Tun ƙarfe bakwai muke kan layi. Matar da ke gabanmu ko minti uku ba ta yi ba aka buga mata hatimi. Da aka zo kanmu, mutumin ya dubi sunan ƙanwata, ya dubi mayafinta, sai ya ɗora biro a layin garin asali, inda ta rubuta Nima. Ya ce Nima ba gari ba ce, unguwa ce. "Asalinku daga ina?" Ta ce nan. "A'a, kafin nan." Ta ce Cow Lane, can aka haifi kakarmu tun Gana ba ta samu 'yanci ba a 1957. Ya ce to a kawo takardar haihuwar kakar.

Jama'a, kakar da ungozoma ta karɓa a ɗaki, aka binne cibiyarta a bayan gida, wa zai ba ta takarda? Sai ya juya harshe zuwa Ankaranci, yaren Ga na mutanen Ankara, wai zai gwada ta. Ashe ya taro ruwan dafa kansa. Ta sakar masa Ankaranci irin na masu kifi a Bukom, har ma'aikaciyar teburin gefe ta toshe baki tana dariya, don shi kansa tsinta-tsinta yake ji. Duk da haka an ce mu je mu dawo da hujja.

Wanda irin wannan ta taɓa samu, a ofis ne, a mota ko a bakin 'yan jarida, ya ba mu labari. Abin da ya same ka da kanka nake so, ba "an ce" ba.

Hajiyar Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Wannan tambayar ta girme ka.

Ina 'yar shekara tara a 1969, ranar 18 ga Nuwamba, gwamnatin Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Har yau in na rufe ido ina ganin manyan motoci a bakin titi, an loda katifu da tukwane da akwatunan ƙarfe, mutane a can sama kamar huhun goro. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ta sayar da keken ɗinkinta a kuɗin da ko akuya ba zai saya ba. Da za ta hau mota ta danƙa wa Mma makullin ɗakinta, ta ce, "Riƙe mini, in ƙura ta lafa zan dawo." Ba ta dawo ba. Mai gida ya ɓalle kwaɗon ya zuba 'yan haya, amma Mma ta rataye makullin a ƙusa bayan ƙofa har Allah ya karɓi ranta. Yanzu yana wurina.

Mu lambar soja ce ta tsirar da mu. Kakana ya yi soja zamanin Turawa, har ƙasar Bama (Burma) ya je yaƙi. Baaba ya ɗinke lambar da takardar sallamarsa a aljihun riga kamar laya. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa masallaci. Mutumin da aka haifa a Kumasi, Tonanci, yaren Ashanti, a bakinsa kamar ruwa, amma ba zai fita ƙofar gida ba sai da ƙarfen ubansa.

Shi ya sa ko rasidin wuta ba na yarwa. Jikoki suna mini dariya, ina barinsu.

Yaron Mota, Madina

Ni nawa kullum ne. Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, nake bi, Madina zuwa Circle. In fasinja na son canjinsa cikin lalama, ni ɗan'uwa ne. Mu saɓa a kan sidi ɗaya, nan take na koma "abochi" ko "pepeni", a ce in koma garinmu. Wanda ya faɗa mini haka jiya da safe, kokon Hausa da ƙosai ne a ledarsa. Na ce masa ya fara mai da kokon tukuna.

'Yar Legon

Yaya Ɗan Lungu, ku koma da ƙarfin gwiwa. Kundin tsarin mulki na 1992 bai ce a kawo ƙauye ba. Wanda yake ɗan ƙasa kafin kundin ya fara aiki yana nan a ɗan ƙasa. Wanda kuma aka haifa bayan nan, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, to shi ma ɗan Gana ne. Babu zancen ƙabila a wurin.

Nawa labarin ya juya baya ne. Ni Badagomba ce, amma a Maamobi na tashi, Hausa na fara ji kafin yaren iyayena. In aka tambaye ni gari, na ce Yendi, sai hatimi. Sau biyu fa na taɓa taka Yendi a rayuwata, duka biki ne ya kai ni. Ƙawata Bahaushiya, wadda danginta ke Sabon Zango tun zamanin Malam Bako da ya kafa unguwar, fiye da shekara ɗari ke nan, ita ake tsarewa ni in wuce. Ran da muka je yin rajistar makaranta tare, kunya ta hana ni kallonta.

A ganina matsalar ita ce, a ƙasar nan ana so kowa ya nuna ƙauye da sarki, mai kujera in kudu ne, mai buzu in arewa ne. Zango kuwa sunansa ya faɗi abin da yake: inda fatake ke sauke kaya. Waɗanda suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, da waɗanda yaƙin Salaga na 1892 ya watsa zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku, sun sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Ga shi kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauka ana koyarwa a makarantu, ko da yake GBC, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, na karanta labarai da ita. Shi ya sa wanda bai san Zango ba, da ya ji Hausa sai ya ce Najeriya ko Nijar. Bai san Zabarmawa da Moshi da Kotokoli da Wangarawa da Busanga, da mu Dagomba, duk da ita muke cinikin safe ba.

Mai Makirufo, Asawase

Bari in kawo ɓangaren 'yan jarida, don na ɗan leƙa ciki. Na yi wata shida ina koyon aiki a wani gidan rediyo a nan Kumasi. Abu biyu ke sa a tuna da ni: rikici a Zango, da farashin rago in Babbar Salla ta matso.

Wata rana na kawo labarin wata malama da ke koya wa 'yan matan kayayo, masu dako a kasuwa, karatu da dare a wani shago, ba ta karɓar ko sisi. Na ɗauko muryoyinsu suna haɗa baƙi, na kwana ina gyarawa. Edita ya saurari rabin minti ya cire abin kunne, ya ce babu zafi. A makon nan yara biyu suka dambace a kan waya, sai ga shi a kanun labarai: "matasan Zango". In a Bantama aka yi irin wannan faɗan, "matasa biyu" ake cewa.

Kuma kada a ɗauka kanun labarai wasa ne. A Yulin 2018, da 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, abin da aka fara yaɗawa shi ne 'yan fashi ne. A kwanakin can Asawase ba ta yi barci ba. Daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu hujjar da ta nuna 'yan fashi ne. Amma labarin farko ya riga ya zaga gari, na biyun a ƙafa ya zo.

Ran da Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Qatar a 2022 kuwa, ban ji wanda ya ce Nima unguwa ce ba gari ba.

Baban Yara, Sabon Zango

Ku yi haƙuri in ɗan taɓa mu, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ran suna za mu yanka rago, mu fitar da yayi, mu kafa rumfa mu tare titi, amma a rasa mutum ɗaya da zai je ya yi wa jaririn takardar haihuwa. Sai ya kai shekara ashirin a fara neman wanda zai yi rantsuwa. Ni kaina ɗana na fari haka na yi masa, ban da bakin magana.

Sannan mu duba abin da ke fita daga bakinmu. Maƙwabcin da muka yi shekara talatin muna shan famfo ɗaya, in ya ba da baya "arne" ne. In rediyo ta kawo rikicin makiyaya a Agogo ta ce "Fulani" kamar duk Bafulatani ɗan ta'adda ne, a majalisarmu wa ke musawa? Har ƙarawa muke yi. Alhali Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Gana, yana gab da cika shekara 100, ya taka ya shiga cocin Christ the King a bikin Ista na 2019. Mu da muke sumbatar hannunsa a Fadama ba mu ɗauki ko rabin halinsa ba.

Ban ce tambayar ba ta da ciwo ba. An yi Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001, an yi Bawumia daga 2017, a shekarar aka kafa asusun raya Zango har da ma'aikata. In azumi ya zo, shinkafa da sukari ba sa yankewa daga kowace jam'iyya. Amma ran rajistar zaɓe, a gabana wani wakilin jam'iyya ya ɗaga hannu a kan wani tsoho don sunansa kawai, tsohon da ya ga ranar da aka haifi uban wakilin. Kuma da ɗana ya gaji da aika takardun neman aiki shiru, ni na ce masa ya goge Sabon Zango ya rubuta Lartebiokorshie, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. An kira shi. Ban yi murna ba, ban kuma hana shi zuwa ba.

Bature Baƙi, Ashaiman

Ku da ake ce muku ku koma, ni na je na gano muku. Baaba kullum cewa yake asalinmu Kano, sai na tara kuɗi na tafi. Na shiga kasuwar Kurmi ƙirji a buɗe, yau na zo gida. Na ce wa mai turare, "Mma na ya aiko ni." Ya ajiye kwalba ya ce, "Malam, mamar taka namiji ce?" Kafin in ankara an tara mini jama'a, kowa na cewa in ƙara faɗa. Kun san Hausarmu ba ruwanta da "ya" da "ta". Mako guda na yi, ba wanda ya riƙe sunana, "ɗan Gana" kawai, kuɗin kaya ma na baƙo ake faɗa mini. Wani dattijo ya zaunar da ni ya ba ni labarin 1983, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana suka yi ta ɗure kaya a jakar nan mai layi-layi da har yau take ɗauke da sunanmu. Unguwar da Baaba ya ce, na same ta. Gidan ne babu wanda ya sani.

A hanyar dawowa, a kan iyaka, jami'i ya juya fasfo ɗina gaba da baya, ya ce, "Ka tabbata kai ɗan Gana ne?" Wallahi dariya ce ta ƙwace mini, har ya ɗauka rainin hankali ne.

Ɗan Lungu, Nima

Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya jiƙan Mma, ki sa jikar ta ɗauko mana hoton makullin nan. Jiya Kawu ya buɗe akwatin kaka, mun samu rasidin harajin gida na Cow Lane da sunan mahaifinta, takardar ta yi ja, ta fara rabewa a wurin ninki. Ranar Alhamis za mu koma, Kawu zai bi mu. Ina ake manna wa irin wannan takarda roba ba tare da ta ƙone ba?

Hajiyar Aboabo, Kumasi

Kul, kada ka sa mata roba, sai su ce jabu ce. Ka yi mata hoto uku, ka sa ta asalin a tsakiyar littafi mai kauri. Kuma ka nuna daga hannunka, kada ka bari a shiga da ita ciki.