Jama'a me za mu kira nanotub da awon Raman da Hausa?

Ku taya ni dan Allah. Jiya da daddare a teburin mai shayi a Samaru ƙanena mai karatun fizik yake min bayanin furojet ɗinsa, rabi duk Turanci, har mai shayin ya gaji ya ce kai ɗan samari yi da Hausa mana mu ma mu ƙaru.

Shi nanotub ɗin dai kabon ne, irin na gawayi da bakin fensir, shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyinsa a naɗe kamar tabarma, faɗin bai wuce nanomita 1 ko 2 ba, nanomita kuwa a kasa mita gida biliyan a ɗau ɗaya. Iijima na Japan ya fito da masu shimfiɗa da yawa fili a 1991, masu shimfiɗa ɗaya kuma a 1993. Ni dai na ce bututun kabon. Wani a gefe ya ce sarewa, na ce haba yallaɓai, sarewa ai huji gare ta a jiki.

Inda muka daɗe shi ne sifektiroskofi ɗin, wato awon Raman. Raman ɗan Indiya ne, ya gano abin a 1928 aka ba shi Nobel a 1930. Ana haska leza ne a kan bututun, kusan duk hasken ya dawo yadda ya je, amma kamar ɗaya cikin miliyan 10 sai ya dawo launinsa ya ɗan goce saboda ya bar wa motsin ƙwayoyin wani abu daga ƙarfinsa, sai na'ura ta ware hasken sili-sili kamar mace na tsefe kai. To me zai hana mu ce tsifar haske ta Raman?

Motsin kuma girgiza ta ƙasa ce, karkarwa ta mai zazzaɓi, jijjiga ta fi zama. Akwai wata jijjigar da ta burge ni wlh, bututun gaba ɗaya ya kumbura ya motse kamar zuga-zugin maƙeri, Turawan ma numfashi suke ce mata, nan ba mu sha wahala ba. Tana fitowa wajen 100 zuwa 350 a ma'aunin gocewar launin, kuma iya sirantar bututu iya saurin numfashinsa, yadda ƙaramar ganga ta fi babba siririyar murya, da haka ake gane faɗinsa. Ta wajen 1350 kuma ita ke tona asirin bututu mai aibu.

Leza kam na bar ta a lezarta, sai in wani na da wadda ta fi.