Neman kalmar Hausa: me za mu kira tayar da ake buga wa A/T a gefe?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara wani ɗan littafin jagora na masu motoci ƙirar jif, gobe da safe kuma zan miƙa shi, sai ga shi na tsaya cak a babin zaɓen taya. Littafin ya kasa tayoyi gida uku bisa haruffan da ake bugawa a gefensu: H/T wadda aka yi domin kwalta, M/T wadda aka yi domin taɓo, da A/T, wato all-terrain, wadda take tsakaninsu. Biyun farko na ce tayar kwalta da tayar taɓo. Ta ukun na rubuta "tayar kowace hanya", amma bai kwanta mini a rai ba. Haka kuma ina neman sunan lambar tsakiya a irin rubutun nan na 265/70R17.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Mu a bakin aiki "mai manyan haƙora" muke cewa, kowa kuma ya gane. Zanenta ya fi na tayar kwalta zurfi, an bar rata tsakanin haƙoran domin tsakuwa da laka su samu wurin fita, haƙoran kuma sukan gangaro har kafaɗar tayar saboda kada dutse ya yanke ta.

Mai Fassara: Na gode, Malam, sai dai tayar taɓo ta fi ta manyan haƙora, saboda haka sunan ba zai raba su a rubuce ba.

Malamin Nahawu: Ku daina wahalar da kanku, sunanta taka-duka. Aikatau ne da karɓau aka harhaɗa, tsarin da Hausa ta saba da shi a kalmomi irin su fasa-ƙwauri da gagara-badau, ga shi gaɓa huɗu kacal, yaro ma ya ji sau ɗaya ya riƙe. Ta taka kwalta, ta taka burji, ta taka yashi, ta taka duwatsu. Idan Bature ya ce "all", mu ce "duka", magana ta ƙare.

Injiniya: Malam, kalmar ta yi daɗi a baki, amma alkawarin da take ɗauka ya fi ƙarfin tayar. Wannan taya sulhu ce tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna, ba gwanar kowane fage ba. A taɓo mai zurfi ratar haƙoranta takan cushe ta koma sumul, motar ta yi ta juya ƙafa a wuri ɗaya. A kwalta kuma takan fi H/T gurnani, ta fi ta nauyi, ta ƙara shan mai, da yawa daga cikinsu kuma ba su kai ta kamun birki a jiƙaƙƙiyar hanya ba. Mutumin da ya karanta taka-duka a littafin jagora zai ɗauka an ba shi izinin shiga ko'ina. Sunan Turancin ma na 'yan kasuwa ne. Kamfanin BFGoodrich ya fito da tayarsa mai wannan suna a 1976, sauran kamfanoni ma yau haka suke kiran tasu. Ba dole ba ne mu gaji tallarsu.

Malamin Nahawu: Suna ba ma'anar ƙamus ba ne, Injiniya. Mai suna gagara-badau ma ana kayar da shi wata rana, ba a kuma canza masa suna ba.

Dattijo: Ni abin da ya dame ni ya riga wannan. Tun daga farko kuna ta cewa taya, jif, kwalta, ba wanda ya ce uffan, alhali muna da ƙafar mota tun kafin a haifi yawancinku. Idan za a ƙirƙiro suna, a ƙirƙiro shi a kan kalmarmu, a ce ƙafar daji. Kullum sai mu ɗauko kalmar wasu mu sa mata hula mu ce Hausa ce, sa'an nan mu yi mamakin yadda yara ke raina harshen.

Bakanike: Baba, Allah ya ƙara girma, ƙafar mota ta haɗa robar da ƙarfen da take zaune a kai. Idan mutum ya ce in canza masa ƙafa, sai na tambaye shi wanne yake nufi. A babin da ake maganar girman roba daban da na ƙarfe, kalma ɗaya ba za ta ɗauki biyun ba.

Dattijo: To, a ce robar ƙafa.

Malamin Nahawu: Roba ma ai aro ce, Baba, haka nan mota. Taya kuwa ta zama 'yar gida tun da ta samu jam'i irin namu, tayoyi, ta kuma karɓi jinsin mace. Abin kunya ba aro ba ne, abin kunya shi ne a kawo wa mutane kalma ginanniya irin taka-duka su ƙi ta saboda ba daga bakin mai digirin injiniya ta fito ba.

Injiniya: Ban ambaci digirin kowa ba, Malam. Bari in amsa tambaya ta biyu, tun da dare yana yi wa mai aikin. A 265/70R17, lambar 265 faɗin tayar ne da milimita. Lambar 70 ba milimita ba ce, kaso ne cikin ɗari: tsayin gefen tayar, daga bakin ƙarfe zuwa inda zane ya fara, kashi 70 ne na faɗin, wato kimanin milimita 185. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaren cikinta, 17 kuma tsayin ƙarfen ne da inci, idan aka auna daga baki zuwa baki ta tsakiyar da'irarsa. Wannan lamba ta tsakiya ita ce take ruɗa masu saye. Wanda motarsa ta zo da 265/65R17 ya koma 265/70R17 yana ganin biyar kawai ya ƙara, alhali tsayin tayar gaba ɗaya ya tashi daga kimanin milimita 776 zuwa 803. Ƙarin ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari, saboda haka maleji zai nuna masa 100 yana gudun kusan 103, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, tayar kuma tana iya gugar jikin motar idan aka karya sitiyari har ƙarshe ko aka faɗa rami da kaya. Abin da ya samu a madadin haka shi ne cikin motar ya ɗaga daga ƙasa da kimanin milimita 13, da gefe mai tsawo wanda ya fi jure rage iska a yashi. Ni zan ce "kason tsayin gefe".

Mai Shirin Rediyo: Yaya Injiniya, bayanin ya fito, amma ba zan iya karanta "kason tsayin gefe" sau biyar a shiri ɗaya ba tare da mai sauraro ya ɓace mini ba. "Lambar tsayi" ta isa, a yi bayaninta sau ɗaya. Game da A/T kuma, tun da an riga an ce tayar kwalta da tayar taɓo, me zai hana ta ukun ta zama tayar kwalta da burji? Ta faɗi inda aka yi ta dominsa, ba ta kuma yi wa kowa alkawarin taɓo ba.

Injiniya: Na yarda da ta biyun, Hajiya. "Lambar tsayi" kuwa ina tsoron a ɗauka tsayin tayar duka ake nufi, musamman da yake akwai wani salon rubutun, irin 31x10.50R15, inda lambar farko tsayin tayar ne da inci. Mai Fassara, kada ka manta da abin da ke biye da girman, misali 112T: 112 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120, T kuma iyakar gudunta kilomita 190 a awa. Kada a sayi wadda ta gaza abin da aka rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, a motar da ƙafafunta huɗu ke ja kuma tayoyin huɗu su zama girma ɗaya.

Dattijo: Burji dai ya fi kwalta kama da Hausa. Ku yi yadda kuka ga dama.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Zan rubuta tayar kwalta da burji, in haɗa da haruffan A/T a karon farko domin mai saye ya gane su a jikin tayar. Lambar tsakiyar zan sa "kason tsayin gefe" a littafi, Hajiya kuma ta yi amfani da tata a rediyo, tun da ba a daidaita ba.

Malamin Nahawu: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa, yashi da duwatsu kuma an bar su a waje kamar ba a bin su. Ka rubuta abin da ka zaɓa, aikinka ne. Amma ka sa taka-duka a jerin kalmomin ƙarshen littafin ko da layi ɗaya ne, mu ga wadda direbobi za su ɗauka.

Mai Fassara: Zan tambayi masu littafin ko akwai sauran wuri a shafin, Malam.