Jirgin yaƙi ya koma fanka: ɓarna ce ko dabara?

Tsohon Soja: Assalamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce. Abin da kamfanonin fim na Hollywood suka yi wa jiragen da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya cin mutuncin tarihi ne. Jirgin da saurayi ya hau ya sayar da ransa a kai, a zo a cire masa fukafukai, a ɗaure shi a ƙasa, a mai da shi fanka don a kaɗa wa 'yan wasa ƙura a fuska? Wurinsa gidan tarihi ne.

Bakanike: Wa alaikumus salam, Baba. Na fahimci zafin da kake ji, amma mu duba me suke nema. Ba jirgin ne ya dame su ba, inji da farfela suke so. A shekarun 1920 in kana son guguwar da za ta kwashe rumfa a gaban kyamara, babu abin da ya kai injin jirgi. Injin OX-5 mai silinda takwas yana da ƙarfin doki 90, Liberty kuwa silinda goma sha biyu, doki 400. Liberty kaɗai an ƙera fiye da 20,000, yaƙi ya ƙare a 1918 ya bar su jibge a sito. Ka ɗora ɗaya a kan mota, ka tayar, ga iska yadda kake so. Mu masu aikin inji mun san injin da aka ajiye shi ke mutuwa, ba wanda ake tayarwa ba.

Malamar Tarihi: Baba, da girmamawa, akwai gyara. Jirgin da ya fi yawa a kasuwar gwanjo ta Amurka a lokacin shi ne Curtiss JN-4, wanda ake ce wa Jenny. Na koyon tuƙi ne, ba na fagen fama ba. An ƙera fiye da 6,000. Arahar da ya yi ta kai matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh ya sayi nasa dala 500 a 1923. Kuma katako ne da waya da yadi. Jirgi irin wannan in aka bar shi a fili shekara biyu, ruwa da rana sun gama da shi. Mutanen wancan zamani ba kayan tarihi suke gani ba, tarkace suke gani da ya cika musu wuri.

Tsohon Soja: Malama, na karɓi gyaran Jenny. Amma wanda ya koyi tuƙi a kansa ai daga nan ya wuce Faransa, wasu ba su dawo ba. Kuma yawa ai ba hujja ba ce. Yau guda nawa suka rage? Kowane abu sai ya ƙare ake sanin darajarsa.

Mai Kyamara: Ku bar ni in shigo ta wata ƙofar, don ni ba jirgin nake tausayi ba, mutanen da aka tsayar a gabansa nake tausayi. A fim ɗin The Wind na 1928, wanda Victor Sjöström ya ba da umarni, an kai 'yar wasa Lillian Gish hamadar Mojave ta Amurka, aka jera farfeloli takwas na jirgi suna watsa mata yashi cikin tsananin zafi. Duk wanda iskar hunturu ta taɓa yi wa bulala da yashi a fuska, ya ƙiyasta wannan da ƙarfin injin jirgi a bayanta. A shekarar dai ɗan wasa Buster Keaton ya yi guguwar fim ɗin Steamboat Bill, Jr. da irin waɗannan injuna. Farfela na juyawa a buɗe, ma'aikata na kai da komo a gefenta, ga hayaƙi ga ƙara. Amma har yau in na kalli waɗannan wurare sai jikina ya yi yar, domin iskar gaskiya ce, ana ganin yadda take ture mutum.

Bakanike: Ƙarar nan ma ita ta rage musu kasuwa, Malam. Da fim mai sauti ya shigo daga 1927, ba dama a naɗi muryar ɗan wasa injin jirgi na ruri a gefensa. Sai aka karkata ga manyan fankoki na lantarki a cikin ɗakin ɗaukar fim, injin jirgi ya koma na aikin fili.

Malamar Tarihi: In ɓarna ake nema, Baba, ga inda take. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tara dubban jirage a Kingman ta jihar Arizona da Walnut Ridge ta Arkansas, aka daddatsa su aka narkar don alminiyon. Gwamnati ce ta sayar da su ga 'yan gwangwan, babu hannun masu fim. Shi ma Paul Mantz, matuƙin da ke yi wa Hollywood aikin jirgi, ya sayi 475 a kan dala 55,000. Ya sayar da man da ke cikin tankunansu, ya zaɓi kaɗan ya riƙe, sauran suka tafi narkarwa. Cikin waɗanda ya riƙe akwai jirgin yaƙi P-51 Mustang, kuma da irin wannan jirgi ya ci gasar tseren jiragen sama ta Bendix sau uku a jere, 1946 zuwa 1948.

Tsohon Soja: To ai wannan ƙara min hujja kika yi. Mutum ɗaya, jirage 475, ya tsirar da kaɗan.

Malamar Tarihi: Kaɗan ɗin da ya tsirar sun fi na wanda bai saya ba, Baba.

Tsohon Soja: Na yarda masu fim ba su ne manyan masu laifi ba, wannan kun fi ni gaskiya. Amma a raina ban canza ba. Na yi shekaru ina goge kayan aikina kowace safiya, na san yadda soja yake ɗaukar abin da ya dogara da shi. Da a ce jirgina ne, gara min in ga ya ruɓe a gona da fukafukansa, da in ga an gutsure shi yana hura wa mutane yashi.

Bakanike: Ni kuwa da injina ne, Baba, gara min in ji yana ruri.