Ina aji uku a lissafin inshora, da wace jarrabawar ƙwararru zan fara?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum yayyena. Ina karanta ilimin aktuwari, lissafin haɗari na inshora da fansho. Likitanci na nema tun farko, makina bai kai ba, kawuna ya ce in karɓi wannan, Baba kuma har yau cewa yake karatun riba ne. Yanzu na ji wai digirin kaɗai bai sa mutum ya zama aktuwari. Na yanke shawarar rubuta jarrabawar ƙwararru guda biyu, CM1 (lissafin aktuwari) da CS1 (ƙididdiga), tare a watan Afrilu. Kuɗin hannuna fa babu yawa. Me kuka gani?

Baban Lissafi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haɗa biyun. IFoA, cibiyar ƙwararrun aktuwari ta Birtaniya mai shirya su, tana jarrabawa a Afrilu da Satumba, kuma kowanne cikin waɗannan darussa takarda biyu ne. CM1 yana da takardar A ta lissafi da takardar B ta Excel, CS1 kuma takardarsa ta B da R, manhajar ƙididdiga, ake yi. Takardar A na ɗauke da kashi 70 na maki, B kashi 30. CM1 kaɗai awa 250 na karatu ake shawarta. Raba shi a mako 20, ya haura awa 12 kowane mako, ga laccar makaranta. Ɗauki CM1. Ka fara da ƙimar kuɗi bisa lokaci da jadawalin biyan bashi, sannan teburin mace-mace, kuɗin shiga inshora da ajiyar da kamfani ke warewa. Makonni shida na ƙarshe tsofaffin tambayoyi kawai, da agogo a gabanka, ka karanta rahoton masu duba jarrabawa na kowace shekara, kyauta ne a shafinsu. Abu biyu ke kayar da mutane: rashin saurin buga alamomin lissafi a Word, da zuba lamba da hannu a Excel maimakon fomula. Mai dubawa hanya yake bi, amsa tsirara ba ta kawo cikakken maki.

Maman Hanan: Ni ban yarda ba, Malam. Yaron ya ce ba kuɗi. Ya fara da FM, jarrabawar lissafin kuɗi ta SOA, ƙungiyar aktuwari ta Amurka: tambaya 30, zaɓi ɗaya cikin biyar, awa biyu da rabi a cibiyar jarrabawar kwamfuta ta Prometric, ana yin ta sau da yawa a shekara. Maki 6 cikin 10 ne ci. Tambayoyin gwaji kyauta suke. Ka nemi kalkuleta BA II Plus, ka tabbata P/Y (yawan biya a shekara) yana kan 1, kuma ba ka bar ta a BGN (biya a farkon lokaci) ba, in ba haka ba duk lissafin biya bi-da-bi zai karkace. Sunan da ka yi rajista da shi ya dace da na fasfonka harafi da harafi.

Baban Lissafi: Hajiya, FM yanki ne kawai na abin da ke cikin CM1, babu lissafin rayuwa a ciki. Kuma IFoA na da ragin kuɗi ga masu ƙaramin ƙarfi, sai ya nema kafin ya biya. Mutum ya zaɓi hanya ɗaya, tsalle tsakanin cibiyoyi asarar dala da fam ne.

Na Zariya: Ku bar batun zaɓi, biyan ma fa? Katin naira ya sha ƙin wucewa, sai asusun dala. Kamfanoni kuma suna kukan ƙarancin aktuwari tun da IFRS 17, ƙa'idar akanta ta kamfanonin inshora, ta fara aiki a 2023, amma yawancin guraben a Legas suke, kuma sai su ce sai wanda ya ci jarrabawa biyu ko uku. Wa zai biya wa ɗalibi?

Ɗan Aji Uku: Na gode. Amma ni sakamakon A na samu a ƙididdiga a makaranta, shi ya sa nake ganin CS1 ba zai ba ni wuya ba. In na rarraba, yaushe zan gama?

Baban Lissafi: Ka taɓa buɗe R? Kana da kwamfutarka, da wuta da intanet da za su riƙe ka awa uku da 'yan mintuna ba yankewa, in daga gida za ka rubuta jarrabawar? Ba ka faɗa ba. A ɗin makaranta daban, wannan daban.

Maman Hanan: Batun Baba kuma, ka yi masa bayanin takaful, wato inshorar Musulunci. NAICOM, hukumar inshora ta Najeriya, na ba kamfanoninsa lasisi, su ma sai da mai lissafa gudummawa da rarar da za a raba wa mahalarta. Hukuncin karatun kuwa a tambayi malamai.

Ɗan Aji Uku: R ɗin zan koya a hutu in sha Allah, kwamfutar abokina zan ara. Ni dai biyun nake so. Akwai mai tsofaffin littattafan shirin jarrabawar na kamfanin ActEd da zai taimaka min da su?